Aku Ya Biya Ɓarnarsa

Bahijja,

Mun daidaita da Muttaka mai gyara na Mandawari: ya gyara kwamfutarki, ni in ba shi aku. Na sallama.

Kina makaranta aku ya fito daga keji, ya ciccire maɓallanta, ya gutsure waya. Kar ki tada hankalinki, aikin da za ki miƙa gobe yana ciki, Muttaka ya kunna na gani. Ki je ki karɓo bayan la'asar, ni na wuce kasuwa.

Muttaka sai murna yake, wai ya yi tsintuwa. Bai san tun zaɓe tsuntsun nan ba ya faɗar komai sai taken jam'iyyarmu ba, shagonsa kuwa majalisar 'yan adawa ce.

Ke kin samu kwamfuta, ni na samu barcin rana. Muttaka kuwa, Allah ya ba shi haƙuri.

Babanki