Khoaran Kwarin Gwaggo

Litinin, 5 Fabrairu
Sakamako ya fito. Ganyen khoara, tsiron maganin nan, da na tsinko daga tsaunuka daban-daban duk kusan jini ɗaya ne a gwajin ƙwayoyin gado, ban da na kwarin da ke bayan ƙauyenmu. Shi alamominsa daban suke. Dakta Sekhonyana, mai duba aikina, ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Nthabeleng, wannan zai kai ki nesa." Gwaggo Mamosa ce ta kai ni kwarin bara. A can take haƙo saiwar da take dafa wa masu tari.

Alhamis, 14 Maris
Na yi jawabi a taro a Maseru. Na sa taswira, da sunan ƙauye, har da jar kibiya. Babu wanda ya ce in sa. So nake a san daga garinmu ne, a san ni ce. An tafa. Wani mai farar hula ya ɗauki hoton allon da wayarsa, har na matsa gefe don ya samu da kyau.

Asabar, 6 Afrilu
Na zo gida. Sun riga ni. Masu saye don kamfanonin magani sun aiko mutane da mota da diga, wai an ce na kwarinmu ya fi ƙarfi. Ni ban ce ya fi ƙarfi ba, daban na ce. Kwarin duk ramuka, kamar aladu sun yi kiwo. Na tsaya a kan dokin Kawu, na kasa sauka.

Lahadi, 7 Afrilu
Ban je coci ba.
Gwaggo ta zuba mini papa, tuwonmu na masara, da ganye. "Ci, 'yar boko. Ko shi ma sai kin kai shi gwaji?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wata mata ta zo da jariri yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Gwaggo ta ce, "Babu, 'yar'uwa. Ki gangara asibiti." Tafiyar yini ce a ƙafa. Na shige ɗaki har matar ta tafi.

Laraba, 17 Afrilu
Dakta ya ce ba laifina ba ne, kowa yana sa taswira. Yana so mu tura takardar binciken a buga kafin hunturu. Na ce to.

Talata, 7 Mayu
Ban tura ba. Na cire taswirar, na mayar, na sake cirewa. Jaririn ya warke, an ce. Ban tambayi sunansa ba, kunya.

Asabar, 12 Oktoba
Gida. An yi ruwa, guntayen saiwar da suka bari a ƙasa sun fara tsiro nan da can. Gwaggo ta ce sai an yi shekaru kafin a taɓa su. Takardar ta tafi, a ciki na rubuta "wani tsauni a Lesotho". Dakta bai ji daɗi ba.

Da safe Gwaggo ta yafa bargonta, ta ɗauki sanda da buhu. Ba hanyar kwarin ta nufa ba. Na miƙe zan bi ta, ta ce, "Zauna ki duba mini tukunya, 'yata."

Na zauna. Ta dawo da rana da buhu rabi, ƙasa a gwiwoyinta. Na kawo ruwa, muka wanke saiwar tare. Ta ɗan dube ni, tana jira.

Ban tambaye ta inda ta je ba.