Tukunyar Baba da Tagullar Filemon

Litinin, 3 ga Maris

Yaya Filemon ya sauke tukunyar tagullarsa a rumfar da muke dafa meskal, barasar da ake tatsa daga tsiron magei, daf da tukwanen ƙasar Baba. Shekarun da ya yi a Amurka, abin da ya kawo mana ke nan. Baba ya zagaya ta, ya ce, “Wannan ta wankan jarirai ce?” Filemon bai yi dariya ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Baba da Filemon sun yi ta musu kan sunan meskal har abinci ya huce. Wanda aka daka magei ɗinsa da hannu aka dafa a tukunyar ƙasa shi ake kira na kakanni. Da ya shiga tagulla ya zama “aikin hannu” kawai. Filemon ya ce tukwane suna fashewa, suna shanye rabin wahalarmu. Yana so ma ya kwantar da wani meskal ɗin a gangar itace ya yi ja, wai baƙi sun fi son haka. Baba ya ce, “To ka tafasa musu katako su sha.” Ni ina bayan Baba, na kuma faɗa.

Laraba, 12 ga Maris

Tukunya ta sake tsagewa. Kafaɗata kamar ba tawa ba, saboda dakan magei.

Lahadi, 23 ga Maris

Filemon ya zuba farin meskal sabon tatsa a ƙoƙo biyu, ɗaya na tukunyar ƙasa, ɗaya na tagulla, a gaban maƙwabta. “Baba, tunda bakinka ba ya kuskure, wanne ne naka?” Baba ya shaƙa, ya kurɓa, ya daɗe. Ya ɗaga na tagulla. “Wannan. Ga ƙamshin ƙasa nan.”

Ni daga inda nake zaune hancina ya gaya min ba shi ba ne. Filemon ya kalli ƙasa, ya ce, “Ka canka, Baba.” Na so in mare shi, na kuma so in gode masa.

Litinin, 24 ga Maris

Na kai wa Baba kunun atole da safe, ya riƙe min hannu. “Eufrosina, na faɗi, ko?” Ya ce tun ciwon bara bakinsa ba ya bambance meskal da ruwan rijiya, kumfar kawai yake dubawa. Meskal ɗin da ake dafawa da ƙirjin talotalo, wanda ake jira don bikin waliyyin gari, wai ni zan ɗanɗana in ce ya yi. Ni da ko yaushe itace nake turawa a wuta.

Na yi kuka a bayan ramin gasa magei.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na biki ya fita, a tukunyar ƙasa. An sha, an yaba wa Baba. Ya karɓi yabon yana kallona.

Talata, 15 ga Afrilu

Wucewa kawai nake yi na ji tagullar Filemon tana warin ƙuna. Na ce, “Yaya, rage wutar nan, kana azabtar da shi.” Ya rage, ko musu babu. Na tsaya har ya fara ɗiga, don kada magei ya tafi a banza ne. Ban ce ya kai na ƙasa ba. Amma yana da wani sanyi a ƙarshen harshe.

Gobe zan zo da wuri, kafin ya hura wutar da kansa.