Karofi Goma Sha Huɗu da Shafin da Ba Shi da Suna

Jidda, Laraba, 6 ga watan Rajab.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ma'ajiyar tsofaffin takardun mulkin mallaka, a ƙasar Ingila.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Ni ne Sa'idu, mai shekara saba'in da huɗu, mazaunin unguwar Mahjar a Jidda, wanda ya rubuto maka sau uku bara yana neman shafi ɗaya daga littafin harajin ƙauyenmu, Rafin Baba. Wancan roƙo ne. Wannan kuwa ƙara ce, kuma na buɗe ta ga jama'a don ta girme ni, ta girmi ubana. Fiye da shekara ɗari muna gadonta kamar yadda wasu ke gadon gona.

Kada ka ɗauka wani ne ya rubuta mini. Na yi karatun Larabci da Turanci, na shekara talatin ina tafinta ga alhazai. Tarihinku ma na karanta shi. Na san yadda mutanen Amurka suka zubar muku da ganyen shayi a teku saboda haraji, suka ƙare da ƙasa da tuta. Kakana ya yi abin da ya fi nasu ciwo, don su kayan wani suka zubar, shi kuwa nasa ya binne. Ga abin da ya ƙare da shi.

Na ɗaya. Kakana marini ne. A marinar Rafin Baba akwai karofi goma sha huɗu, wato ramukan rini, biyar daga ciki nasa ne. Ba zan yi maka ƙarya ba, tun kafin zuwanku ana biyan kuɗin karofi. Amma ramin da ke aiki ake biya wa, wanda ya mutu ana barinsa ya huta. Baturenku da ya zo sai ya ƙirga har matattu, ya ce rami rami ne, kuma da kuɗin ƙarfe za a biya, ba da kuɗin wuri ba, ba da zane ba. Sannan ya ce kowane mai rami ya faɗi sunansa da na ubansa a rubuta a littafi.

Na biyu. Marina suka taru, kowa ya dafa muciyar da ake juya baba da ita, suka yi rantsuwa cewa alƙalamin Nasara ba zai taɓa sunan ɗayansu ba. Ranar kasuwa, da hantsi, a gaban kowa, suka kwashe ruwan baba suka malala shi a kan hanyar da Baturen zai biyo, sannan suka cike ramukan nan goma sha huɗu da ƙasa. Kakata Goggo Ladi, wadda ta rene ni, takan ce har ta mutu ba za ta manta farin dokin Baturen nan yana tafiya da ƙafafu shuɗɗa ba. Ladan da aka ba kakana shi ne bulala a tsakiyar kasuwa, da ƙone masa rumbu biyu. Ana dukansa ana tambayarsa sunansa. Bai faɗa ba.

Na uku. Bayan damina suka yi gabas a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya suna hanya, suna tsintar auduga a Sudan don abin kaiwa baki. A hanyar aka haifi ubana Haruna, a hanyar aka binne yayyensa biyu, har yau ba wanda ya san inda kaburburansu suke. Muciyar nan ce sandar kakana har bakin teku. Tana jingine a ɗakina yanzu da nake rubutu. Kakan nawa ya rasu a unguwar Hindawiyya yana dako, mutumin da a da fatake ke jiran zanensa. Mu kuwa muka tashi ana kiranmu Takari, muna alfahari a gida da cewa mu ne zuriyar da ba ta cikin littafin Bature.

Na huɗu, kuma nan ne wuƙar ta kai ƙashi. Ina da ɗa ɗaya namiji, Usama, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya rasu, iƙamarsa ta izinin zama ta mutu, sai aka kama shi a hanyar aiki aka kai shi tarhil, inda ake tsare wanda za a mayar ƙasarsu. Ba ni da ja da hukumar ƙasar nan, doka ce, kuma mun ci gishirinta shekara da shekaru. Tambaya ɗaya aka yi masa: wace ce ƙasarku? A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haife ni, ubana kuwa a gindin wata bishiya. Na je wurin wakilan ƙasar kakanninmu, suka ce in kawo shaida ko da guda ɗaya mai nuna cewa kakana daga can ya fito. Rafin Baba ya zama kufai tun tuni, dattawan da suka san mu sun ƙare. Wuri ɗaya ya rage a duniya da za a iya samun wannan shaida: littafinku.

Ranka ya daɗe, ka san abin da ake nufi da jikan mutumin nan ya zauna ya rubuta da hannunsa yana addu'a Allah ya sa kakansa ya karya rantsuwa? Na yi wannan addu'a. Na yi ta ina kallon muciyarsa. Ku kuka sa ni, kuma wannan kaɗai ya isa in ƙi yafe muku.

Na biyar. Wasiƙata ta fari ba ku amsa ba. Ta biyu kuka ce in cike takarda. A ta uku kuka ce sai na biya fam arba'in da biyar kafin a buɗe littafin a ɗauki hoton shafin. Haraji a kan littafin haraji! Na biya. Matata Hajiya Rabi ce ta sayar da 'yan kunnenta, don ba ta son a jira ƙarshen wata. Bayan wata huɗu shafin ya iso, da kyakkyawan rubutu, tsaf kamar jiya aka yi shi. Layi ɗaya ne a kanmu: ramukan rini goma sha huɗu, an cike su da ƙasa, masu su sun gudu. Ba suna ko ɗaya. Ba maganar bulala, ba maganar rumbu. Amma a gefen shafin Baturen ya samu wurin rubuta cewa dokinsa ya ɓaci da shuni, kuma a ci garin tarar wanke shi. Doki ya shiga tarihi, kakana bai shiga ba.

Kuma ba gudu suka yi ba. Mai gudu ba ya tsayawa a yi masa bulala.

Saboda haka ga abin da nake nema.

Ka ba ni cikakken sunan Baturen nan. Sa hannunsa na ƙasan shafin, amma ya murɗe shi yadda ba ya karantuwa. Ku da kuke son sunaye, ku ba ni wannan ɗaya. Makka ba ta da nisa da nan, kuma ƙafafuna suna iya ɗawafi har yanzu. Ina so in kira shi da sunansa da na ubansa a inda ba a mayar da kukan wanda aka zalunta, kamar yadda ya so a kira masa namu. Duk Juma'a zan yi, har ranar da za a ɗauke ni.

Ka kafe wannan wasiƙa a jikin shafin, yadda duk wanda ya biya fam arba'in da biyar zai karanta ƙaryar ya karanta amsarta.

Kuɗin kuwa kada ka mayar. Ku haɗa da tarar doki. Ina son in tarar da su cif a ranar da ba a karɓar fam.

In kuma tausayi ya kama ka, ka ce in aiko da sunan kakana a ƙara a littafin, to ka bar shi. Ka duba, tun daga farkon wasiƙar nan har ƙarshenta ban ambace shi ba. Bulala ba ta fitar da shi daga bakinsa ba, ba zai fita daga nawa ba. Halas, magana ta ƙare.

Ina yi maka addu'a. Allah ya ba ka tsawon rai da ƙarfin ido. Allah ya raya maka jikokinka, ya kuma nuna maka ranar da ɗayansu zai tsaya a gaban wata taga a baƙuwar ƙasa, a tambaye shi wane ne shi, ya laluba aljihu bai samu amsa ba. In ka ɗanɗana wannan, Allah ya sauƙaƙa maka, don ni ban roƙa maka fiye da mudun da aka auna mana ba.

Usama ya yi wata goma sha huɗu a tsare. Da ya gaji, sai ya amsa sunan wani ɗan Chadi da ya rasu a ɗakinsu, aka sa shi a jirgi da wannan suna zuwa ƙasar da bai san kowa ba. Ba zai iya dawowa a matsayin ɗana ba. Hajiya Rabi ta rasu a watan Safar, ba ta gan shi ba.

Wassalam.

Sa'idu, jikan marinin Rafin Baba,
Mahjar, Jidda.