Sunan Madugun da Ya Ƙi Jira

Daren Laraba, watan Safar, unguwar Rusaifa, Makka

Yau da la'asar jikata Sumayya ta zo min da littafin jami'arsu, wani tsohon wasan Turawa. Wai sarauniya ce ta durƙusa tana roƙon a bar mata ɗanta, aka yanka shi, ita kuma ta bi 'ya'yan wanda ya sa aka yanka shi da ramuwa, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Kaka, malaminmu ya ce muguwa ce."

Na ce malaminku bai taɓa ganin uwa a durƙushe ba. Ni na gani. A hanyar Sudan, muna tahowa Makka, Inna ta durƙusa wa madugunmu tana roƙon ya jira kwana ɗaya zazzaɓin ƙanena Sule ya sauka. Ya ƙi. Sule ya cika a hanya. Inna ba ta ɗauki wuƙa ba, amma duk ranar Arfa takan yi wa abokan tafiyarmu addu'a da sunayensu, ta tsallake nasa. Tun da ta rasu ni nake yi, ni ma tsallakewa nake.

Sumayya ta ce, "To wane ne shi?"

Ni kaɗai na rage da na sani. Jikarsa kuwa ita ce ƙawar Sumayya ta unguwar Ka'akiyya, wadda suke cin shinkafa a faranti ɗaya.

Na ce na manta.

Ta kwashe da dariya. "Kai, tsoho? Kai da ka san kalar takalmin da ka shigo Makka da shi?"

Na ce halas, ya isa, amarya, tashi ki kawo shayi.

Allah ya yafe min ƙaryar nan. Ke ma Inna ki yi haƙuri, wannan gadon ba zan ba yarinyar nan ba.