Motar da Tahir Bai Dafa Ba

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

"Ina sauke shanun babbar salla a Legas zan biyo mota ta farko, mu je tare in dafa motar da hannuna." Maganar mijina Tahir ke nan, a saƙon murya, ranar uku ga Mayu. Ban goge ba. Yau kwana takwas da salla. Shanun an yanka, an soya, an cinye. Mai shanun ne ba a gani ba.

Kafin wannan, ƙaramar salla ya ce. Kafin ita, ƙarshen shekara. Wata tara ke nan da ambaliya ta kashe min tsohuwar motata a ƙofar gida. Ya zo a lokacin, ya yi kwana uku, ya koma. Tun daga nan sai waya.

Kuɗina ne, nawa na kaina. Amma Tahir na da ƙa'ida: shekara talatin a Kasuwar Shanu bai taɓa sayen dabbar da bai dafa ba, kuma ba abin da zai shiga gidansa da ƙafa huɗu sai ya ɗora masa hannu. Hoto ba ya yi. Bidiyo ba ya yi. Ni kuma na bi, kamar ban taɓa buɗe littafi ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Keke uku daga Hausari zuwa makaranta. Littattafan jarrabawar 'yan aji shida a cinyata, kwalin kifin wata mata a kan ƙafata. Na shiga aji ina ƙamshin banda.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na biya garejin Simon, bakaniken da ya riƙe tsohuwar motata shekara goma. Guda biyu ya ware min. Ɗaya fara, an juya ta tana shan iskar gas. Ɗaya ruwan toka, haibirid, mai fetur da batir.

Mai gas ɗin sha ba tsada, wannan ba musu. In gas ya ƙare kuma a danna maɓalli ta koma fetur. Amma da ya buɗe but ɗin baya sai ga tukunyar gas ta kwanta ta cinye rabin wurin. Na ce, ina zan sa littattafai da buhun gero? Ya ce, "Malama, sai ki zaɓa, ko ilmi ko tuwo." Sannan wurin shan gas ɗin ba ko'ina ba, kuma akwai layi.

Haibirid ɗin kowane gidan mai nata ne, kuma kaɗan take sha, musamman a cunkoson gari inda take tafiya da batir. Matsalarta biyu in ji Simon: zafi da ruwa. Na ce to ai ka faɗi sunan Maiduguri ke nan. Ya yi dariya, ya nuna min batirin a ƙarƙashin kujerar baya. Na kalli wurin, na tuna inda ruwan bara ya tsaya a jikin bangonmu. 

Juma'a, 20 ga Yuni

Saƙon Tahir, minti huɗu. Duk a kan gas. A Legas kowa gas, direbobinsa gas, gobe duniya gas. Ko kalma ɗaya babu a kan yaushe.

Sau uku na saurara. Ba don gas ɗin ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na karanta duk abin da na samu a kan motocin nan biyu, har na fi mai sayarwa sani. Na ja layi a takarda, wannan gefe da wancan. Gaskiya in don zirga-zirgar kullum ce, gida, makaranta, kasuwa, kowacce za ta yi. Mai gas ta fi sauƙin ciyarwa, haibirid ta fi sauƙin zama da ita. Shi ke nan, ba wani sirri.

'Yata Raudatu ta kira daga Kano, daga jami'a. Na fara jera mata sai ta katse ni: "Umma, wata nawa kina wannan lissafin? Ke da kike yanke wa ɗalibi hukunci kafin ya rufe baki." Na ce ta kula da karatunta.

Talata, 24 ga Yuni

Yau kam sai na rubuta duka, don kada gobe in ce mafarki na yi.

Simon ya kira ni da azahar, wai ga wani dattijo ya zo ganin motocina. Na je. Umara ne, dillalin Tahir na Kasuwar Shanu, da sandarsa da carbinsa. Ya gaishe ni da Barbarci: "Wushe, Ya Zaratu. Alhaji ne ya aiko ni in dafa masa."

In dafa masa.

Ya zagaya farar sau biyu. Ya danna bayanta da tafin hannu yadda ake danna gadon bayan sa, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya sa aka ɗaga bonet ya duba kamar mai ƙirga haƙora. Aka tayar, ta yi ƙugi, ya gyaɗa kai. Aka koma kan ruwan tokar. Simon ya danna maɓalli. Shiru, don haka take, ba ta ƙara sai injin ya karɓa. Umara ya jira. Ya kara kunne.

"Ta tashi fa," in ji Simon.

"Yaro, ni za ka gaya wa? Wannan ko numfashi ba ta yi. Ciwo ne a cikinta."

Simon ya ja ta gaba, ya dawo da ita baya, a kan idonsa. Umara ya ce gangara ce. A gabana ya kira Legas ya ce mai tokar ba ta da rai, a ɗauki fara. Na ji muryar Tahir daga wayar yana cewa, "To madalla, an gama."

Na yi dariya har yaran gareji suka juyo. A keke ne dariyar ta tsaya. Ashe hannun nan aikawa ake yi. Wata tara ina hawa keke, ina jin rana a ƙeyata, don hannu ɗaya tak a duniya zai iya, ashe ana ba da aronsa.

Laraba, 25 ga Yuni

Ban ɗauki wayarsa ba. Sau biyu kawai ya kira.

Asabar, 28 ga Yuni

Ruwan sama na kirki na farko. Na tsaya a zaure ina kallon kwata tana cika, ina tuna ambaliyar bara.

Abin da ba zan gaya wa Raudatu ba: tun watan azumi na san irin wadda nake so. Jan maganar nake yi. Muddin ba a saya ba, akwai abin da dole ya zo ya yi. Ni da nake koya wa yara gane abin da marubuci ya ɓoye a bayan jimla.

Da, in ya dawo daga kasuwa, warin shanu ke riga shi shiga gida. Shekara ashirin da huɗu ina mitar wannan wari. Yanzu gidan ƙamshin turaren wuta kawai yake yi, ba abin da zai kora.

Talata, 1 ga Yuli

Simon ya ce akwai mai son ruwan tokar, ba zai iya riƙe ta ya wuce mako mai zuwa ba. Na ce ba ni makulli in gwada.

Na bi Baga Road da ita har bayan kasuwar kifi na juyo. A cunkoso ta yi tsit, ina jin cinikin mutane ta taga, ina jin numfashina. Na ɗauka shirun zai dame ni. Gidan ma ai haka yake, na saba. Rabona da riƙe sitiyari har na manta cewa na iya.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na ɗauki wayar Tahir yau. Ya fara da gas, na bar shi ya gama. Na ce, "Baban Raudatu, Umara ya dafa wa kansa, ba ni ya dafa wa ba." Ya ce kasuwa ce ta riƙe shi, kuɗin mutane na waje. Na ce na ji. Muryarsa ta dushe, kamar mai mura. Saura kaɗan in tambaya ko yana shan magani. Ban tambaya ba. Daga baya na tura saƙo na tambaya.

Da yamma na koma gareji. Wani dogon mutum mai tsayin Tahir ya rako mai son ruwan tokar gwaji jiya, ya bar kujerar gefen direba a ja can baya. Simon zai matso da ita, na ce ya bari. Jakata babba ce.

Na gaya wa Tahir, kuma ina rubutawa a nan don kada in janye: yana da zuwa Juma'a, goma sha ɗaya ga wata, a sauko daga masallaci. In ya zo, ya dafa duk wadda ya ga dama, in ma farar ce zan karɓa da tukunyarta, in ɗora geron a kujerar baya. In bai zo ba, ƙarfe uku zan je in ɗauki ruwan tokar, takardu da sunana. Asabar da safe in kama hanyar Damaturu, in je Kano in ɗauko 'yata hutu da kaina. Kuma daga ranar ba zan sake tambayarsa yaushe ba.