Rasuwar Mista Leonard Pietrzak da Katunan da Suka Makara

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Adana Tsofaffin Katunan Besbol na Gidan Waya, da ke birnin Toledo a jihar Ohio ta Amurka, ta sami labarin rasuwar wanda ya kafa ta, ubanta kuma shugaban kwamitin amintattunta, dattijo mai daraja Mista Leonard Pietrzak, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da ta gabata yana da shekara saba'in da takwas, bayan tiyatar zuciya da dukkanmu muka ɗauka ƙarama ce.

Marigayin, wanda ya yi aiki a masana'antar gilashi har ya yi ritaya, ya fara tara mu ne a ɗakin ƙasa na cocin unguwarsu, a kan dogayen teburori, da kofi mai ɗaci wanda shi kaɗai yake yabawa. A lokacin da dillalai ke rububin katunan da ba a taɓa rubutu a kansu ba, suna rufe su cikin roba, shi ba ruwansa da kati sai wanda ya bi ta gidan waya, da kan sarkinsa, da hatiminsa, da rubutun hannu a baya. In aka miƙa masa kati, sai ya juya bayan ya karanta kafin ya ko dubi hoton ɗan wasan besbol, wato ƙwallon sanda ta Amurkawa, da ke gaban katin. Nan zai ci karo da saurayin da ya rubuta wa mahaifiyarsa, tun kafin yaƙin duniya na farko, cewa ya sami aiki a Detroit, ya ga wasa, kuma a aiko masa da safa. Ko budurwar da ta sanar da maneminta cewa kulob ɗinsu ya sha kashi, kada ya kuskura ya zo ranar Lahadi. In kuwa bayan katin fari ne fat, sai ya ture shi yana cewa: "Mutumina, wannan ai maraya ne, ko gaisuwa ba a taɓa aikensa ba. Mayar da abinka cikin leda."

Shi ya kafa mana al'adar da ta sa wasu ƙungiyoyi ke mana kallon masu taɓin hankali: duk memban da ya kwanta rashin lafiya, ko aka yi masa rasuwa, ko ya sami jika, kowa zai ciro ɗaya daga cikin waɗannan marayun katunan, komai tsadarsa, ya yi rubutu a kai, ya manna kan sarki, ya jefa a akwatin gidan waya. Ba a sa shi a ambulan, ba a kuma kai shi da hannu. Mun sha yin gunaguni, amma babu wanda ya taɓa karya masa doka.

Da aka kwantar da shi, ya buga wa sakataren ƙungiya waya ya ce kada ya ga ƙafar kowa a asibiti, a aiko masa da kati kawai. Mun bi umarninsa, amma mun bi shi irin yadda masu adana kati suka saba. Wani ya kwashe kwanaki yana juya kwalaye, yana neman wanda ya dace da mutum kamar Mista Pietrzak. Da yawa suka tuƙa mota zuwa ƙananan gidajen waya na ƙauyuka, inda har yau ake buga hatimi da hannu, don kada inji ya ɓata fuskar ɗan wasan Mista Pietrzak ya yi mana tsiya idan ya warke. Ko kati ɗaya bai same shi da rai ba. Uwargidansa, Misis Dolores Pietrzak, ta shaida mana cewa kowace yamma yakan tambaye ta ko mai rabon wasiƙu ya zo. Ba mu da kalmar da za ta bayyana yadda wannan ya ƙona mana rai.

A madadin kwamitin amintattu, da shugabannin ƙungiya, da ɗaukacin membobinta na kusa da na nesa, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Misis Dolores Pietrzak, da 'ya'yan marigayin, Mista Gregory Pietrzak da Misis Annette Sobczak, da jikokinsa, da dukkan 'yan'uwa da abokan arziki, muna roƙon Ubangiji ya ji ƙansa, ya ba shi hutawa, ya kuma ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi.

Katunan da muka aika suna ta isa gidan tun bayan jana'iza, kowanne na yi masa fatan samun sauƙi. Kwamiti ya nemi izinin uwargidan a tsayar da sauran don kada a riƙa fama mata ciwo, amma ta ƙi, ta ce da mai sa hannu a wannan sanarwa: "Ku bar su su zo, Milton. Tun da muka yi aure shi ke fita ya buɗe akwatin wasiƙun ƙofar gidan nan. Yanzu ni ke fita, in dawo in zauna kusa da kujerarsa in karanta masa."

Saboda haka, duk memban da nasa katin ke hannunsa har yanzu, ya daina zaɓe, ya aika yau, da sunan Mista Pietrzak, a adireshin da kuka sani.

Sa hannu:
Mista Milton Havlicek
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Kwamitin Amintattu
Toledo, Ohio