Ƙurjin Leɓen Yaya

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya shago, ya yara? Tunda kin daina ɗaga wayata, shi ne na ba ɗan aiken Inna wannan takarda ya kawo miki.

Har yanzu muna asibiti, ɗakin jarirai. Yaron ya ƙi kama nono, jikinsa kamar garwashi, ga wasu ƙuraje masu ruwa sun feso masa a fatar ido. Jiya har ya yi jijjiga a hannuna. Likita ya ce ƙwayar cuta ce, wai ita harfis, irin mai fito wa mutum da ƙurji a leɓe bayan zazzaɓi. Ga babba ba komai ba ce, amma jinjiri tana iya hawa masa ƙwaƙwalwa. An gwada ni, ba a same ta a jikina ba. Sai ya tambaye ni ko wani mai ƙurji a baki ya sumbace shi.

Yaya, ranar da muka dawo gida bayan haihuwa kin zo da ƙurji a leɓe, kin shafe shi da janbaki. Kika ɗauki yaron kina sumbatar idonsa, na ce ki yi a hankali, kika ce, "Ni da na goya ki za ki koya wa riƙon yaro?" Ba laifinki nake nema ba. Ki zo ki gan shi kawai.

Ƙanwarki.

---

Ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ba yaro lafiya.

Amma kin ba ni mamaki. Ni kika ga damar liƙa wa? Kin san sana'ata, fuskar mata nake taɓawa da gashinsu daga safe zuwa yamma. Idan aka ji wai bakina na kashe jarirai, wace amarya ce za ta zauna a kujerata?

Ni ma na yi tambaya. Wata mai zuwa wankin kai ta ce cutar nan iri biyu ce, akwai ta ƙasa, wadda ake kwasowa wajen kwanciya, uwa ta shafa wa ɗanta wajen haihuwa. Mijinki kuwa yana kan babbar mota wata da watanni, ke kaɗai a ɗaki. Ni ban ce komai ba. Surukarki ta zo shago tana kuka, ta tambaye ni, na faɗa mata abin da na ji, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ki gaida masu jinya.

Yayarki.

---

Yaya,

Ina gaisuwa, don Inna ta hore mu da ita.

Baban yaro ya zo. Bai shiga ɗakin ba, a baranda ya tsaya riƙe da makullin mota. Likita ya fito ya yi masa bayani dalla-dalla, sai baban yaro ya ce shi ya san ana roƙon likitoci su rufa asiri. Na kama rigarsa, ya cire hannuna kamar ya taɓa ƙazanta. Washegari uwarsa ta aiko da kayana gidan Inna a buhuna, har da bahon wankan yaron, takardar sakina a ciki.

An sallame mu. Ya rayu, Yaya. Amma idon ya tafi, wuyansa kuma ba ya tsayawa, sai na tallafe. Likita ya ce kada in sa rai zai zauna da kansa.

Inna ta ce in yi haƙuri, wai tsoro ne ya sa ki. Na ce to.

Ƙanwarki.

---

Ƙanwata, ƙanwata ta kaina,

Ina fata kina lafiya, ke da ɗanmu.

Don girman Allah me kike nufi da ni? Kullum na buɗe shago sai in gan ki a bencin mai gyaran takalmi, daidai ƙofata, da yaro a cinya. Ba ki shigowa, ba ki gaishe ni. Duk wadda ta tsaya ta ce me ya same shi, sai ki ce, "Yayata ce ta sumbace shi," ki nuna ni da baki. Rannan wata ta tashi da rabin kitso a kanta ta fice. Yarana biyu masu taya ni sun koma shagon gaba. Mijina ya ware mini kofi da cokali, autana ma na miƙa masa hannu ya kauce.

Ban iya barci. In kina so in je wurin surukarki in ce ban tabbatar ba, zan je. In tsugunna miki kike so, zan tsugunna. Ciki ɗaya muka fito. Ki daina zuwa, ki rufa mini asiri.

Yayarki mai ƙaunarki.

---

Yaya,

Lafiya lau muke, na gode.

Kada ki wahalar da kanki zuwa wurin tsohuwar, ɗanta ya riga ya sa an yi wa ɗakina sabon fenti.

Bencin kuma ba naki ba ne, mai shi ya ce in zauna. Yaron yana son ƙarar injin busar da gashinki, da kin kunna yake yin shiru. Kwana biyun nan ba ki cika kunnawa ba.

Sai da safe.